Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga marubuta waƙa: dan Allah ku rubuta mana mutanen da yaƙi yake ci

Assalamu alaikum malamaina, yayyena da ƙannena, maza da mata, masu rubuta waƙa da masu rera ta.

Ni mai karatu ne kuma mai sauraro, ina cikin mutanen da kuke yi wa rubutu, shi ya sa nake ganin ina da bakin da zan roƙe ku. Roƙon nawa ɗaya ne kuma zan faɗe shi tun yanzu kafin zance ya yi nisa. Dan Allah ku rubuta mana mutanen da yaƙi yake ci, ɗaya bayan ɗaya, da kamanninsu da halinsu da irin maganar da suke yi lokacin suna raye, sannan ku rubuta waɗanda aka bari a baya suna ta neman dalilin da zai sa su tashi gobe da safe.

Ku duba yadda labari yake zuwa mana yanzu. Sudan tun watan Afrilun 2023 ana abu ɗaya, Yukren tun Fabrairun 2022, ga Gaza, ga gabashin Kwango, ga yankin tafkin Chadi da Sahel, kullum ka buɗe waya sai ka ga an kashe mutum kaza, an raba mutum kaza da gidajensu, ka ce innalillahi, ka ɗan ja allon sama, sai ga wani bidiyon na ban dariya, shikenan an wuce wurin. Ban ga laifin ɗan jarida ba, aikinsa kenan ya kawo lissafi da wuri da lokaci, kuma da yawansu ma a bakin aikin suke rasa ransu. Amma lissafi ba ya zama a zuciya. Mutum 40 yau, mutum 70 gobe, jibi ka manta wanne ne ya faru a ina, a hankali zuciya ta bushe mutum bai ma san ta bushe ba. Wannan bushewar ita ce take ba ni tsoro wallahi, kuma ban san wanda zai iya jiƙa ta kamar ku ba.

Na taɓa zama kusa da wata dattijuwa da rikici ya koro daga garinsu, an kashe mata ɗa. Abin da ya fi ci mata rai a ranar shi ne duk wanda ya zo da takarda da biro tambayarsa ɗaya ce, mutum nawa aka kashe muku, mutum nawa kuka rage. Ta ce min ɗan nan ba wanda ya taɓa tambayata shi wane irin yaro ne. Sai ta fara faɗa min ba tare da na tambaya ba, wai yana da in'ina, in ransa ya ɓaci maganar sai ta ƙi fita gaba ɗaya sai dai ya yi ta buga ƙafa a ƙasa, wai shi ke gyara wa mutane tocila da rediyo kuma ba ya karɓar komai a hannun tsofaffi, tana faɗa tana murmushi hawaye na zuba a lokaci ɗaya. To malamaina, wa zai ajiye wannan? Ba rahoton da yake da gurbin in'ina. Waƙa ce kaɗai take da wannan gurbin.

Na san abin da wasunku za su ce, don na sha ji daga bakin marubuta da kansu, wai waƙa ba ta tare harsashi, ba ta ciyar da maraya, ba ta hana jirgi sakin bam, to meye amfanin zama ana ƙirga ƙafiya alhali mutane na mutuwa. Gaskiya ne ba ta tare harsashi, ba zan yi muku musu ba. Amma ku ji labarin wani mutum. Miklos Radnoti sha'iri ne ɗan ƙasar Hungari, Bayahude, a yaƙin duniya na biyu aka kai shi aikin bauta a mahaƙar tagulla ta Bor a Sabiya, da yaƙi ya juya sai aka taso su a ƙafa ana kora su yamma, wanda ya gaza a harbe shi a hanya. A cikin wannan tafiyar, da yunwa da duka da ƙafa a kumbure, mutumin nan yana da ɗan ƙaramin littafi a aljihu yana rubuta waƙa a ciki. A watan Nuwamban 1944 ya kasa ci gaba da tafiya, aka harbe shi tare da wasu kusa da wani ƙauye da ake kira Abda aka zuba su rami ɗaya. Sai a 1946 aka tone ramin, a aljihun rigarsa aka samu littafin, ƙasa da ruwan kabari sun taɓa shi amma ana iya karantawa. A shafin farko ya rubuta roƙo da harsuna 5, cewa duk wanda ya tsinci littafin nan ya taimaka ya kai wa wani abokinsa a Budafes. Ku tsaya ku yi tunanin wannan. Mutum ya san da wuya ya kai, bai san hannun wa littafin zai faɗa ba, bai san da wane yare mai tsintar yake magana ba, sai ya bi yaruka ɗaya bayan ɗaya yana roƙo. Waƙarsa ta ƙarshe a ciki kwanan watanta 31 ga Oktoba 1944, kuma maganar harbi a ƙeya take yi. Littafin bai cece shi ba. Amma waɗanda suka harbe shi sun so a ce ba a san an yi ba, yau kuma shekara sama da 80 ana karanta abin da suka aikata daga bakin wanda suka kashe. In wannan ba amfani ba ne to ban san me ake kira amfani ba.

Haka Anna Akhmatova a Rasha zamanin Stalin. An kama ɗanta a 1938, ta yi wata 17 tana bin layi a ƙofar kurkuku a Leningrad tare da ɗaruruwan mata, cikin sanyin da yake mayar da leɓe shuɗi, kowacce riƙe da ɗan ƙunshi tana fatan a karɓa, don in an karɓa alama ce naka yana raye. Ita da kanta ta ba da labari cewa wata rana wata mata da ke bayanta a layin ta raɗa mata a kunne ta tambaye ta ko za ta iya kwatanta wannan abin da suke ciki, ta ce za ta iya. A lokacin ajiye irin wannan rubutu a gida kamar sa hannu a takardar mutuwarka ne, to sai ta riƙa rubuta baiti a guntuwar takarda, ta miƙa wa aminiyarta ta karanta a zuci ta haddace, sai ta kyasta ashana ta ƙone takardar a farantin tokar sigari. A ƙirazan mutane 'yan kaɗan waƙar ta zauna shekara da shekaru, ba a buga ta cikakkiya a Tarayyar Sobiyet ba sai 1987, ita kuwa ta rasu tun 1966. Abin da ya fi taɓa ni a ciki, ta ce ta so ta kira matan nan kowacce da sunanta amma an ƙwace jerin sunayen. Ku kuwa ba wanda ya ƙwace muku, sunayen suna nan a bakin iyaye da matan da aka bari, jira kawai suke a zo a tambaya.

Yanzu bari in zo maganar fata, don nan ne nake da ƙorafi a kanku kuma zan faɗa da girmamawa. Da yawan waƙoƙin da nake gani a kan rikici baiti biyu ne na kuka, sai a yi maza a rufe da komai ya yi farko zai yi ƙarshe, bayan wuya sai daɗi, gari zai waye. Ban ƙi ba, gaskiya ne, kuma mu masu imani ne mun san tare da tsanani akwai sauƙi. Amma akwai lokacin da faɗin wannan maganar da wuri yake zama kamar ana ce wa mai makoki ya isa haka tashi ka ba mu wuri. Matar da ba ta ga gawar mijinta ba, ba ta san ko ta yi takaba ko ta ci gaba da jira ba, in ka ce mata gari zai waye tun ba ka zauna ka ji daren nata ba, ba za ta yarda da kai ba, kuma tana da gaskiya.

Ku koma wa Khansa'u, wadda da yawanku kun karanta ta a gaban malamai. An kashe mata 'yan uwa biyu, Mu'awiya da Sakhr, a rikicin ƙabilu na zamanin jahiliyya, ta yi shekaru tana yi wa Sakhr marsiyya. Ba ta ɓoye komai ba, ta ce fitowar rana tana tuna mata shi, faɗuwarta ma tana tuna mata shi, har ta kai ga faɗin cewa ba don yawan masu kuka a kewayenta a kan nasu 'yan uwan ba da ta halaka kanta. Ku lura da inda ta samo abin da ya riƙe ta. Ba wanda ya zo ya ce mata komai zai wuce, waiwayawa ta yi ta ga ba ita kaɗai ba ce. Wannan shi ne irin fatan da nake roƙo ku ba mutane, wanda mai ciwo zai ji baiti ya ce ashe akwai wanda ya san abin da yake cina, ashe ba hauka nake ba. Kuma ita wannan matar da ta yi kukan da ba a taɓa jin irinsa ba ita ce tarihi ya ce daga baya ta musulunta ta rasa 'ya'ya huɗu a yaƙin Ƙadisiyya ta ɗauka da haƙuri. Kukan bai hana ta haƙurin ba. Don haka masu ganin kamar doguwar marsiyya raunin imani ce su sake dubawa.

Akwai kuma wani ɓangare da dole in faɗa ko da ba daɗin ji. Waƙa tana iya zama fetur. Radovan Karadzic, tsohon shugaban Sabiyawan Bosniya, wanda kotun Majalisar Ɗinkin Duniya ta samu da laifin kisan kiyashi a 2016 saboda abin da aka yi a Srebrenica a watan Yulin 1995 inda aka kashe maza da yara Musulmi kusan 8,000, mawallafin waƙoƙi ne, yana da littattafai da aka buga. A Ruwanda, Simon Bikindi mawaƙi ne da ake ji da shi, gidan rediyon RTLM ya yi ta saka waƙoƙinsa lokacin kisan 1994, kuma a 2008 kotun da ta zauna a Arusha ta ɗaure shi shekara 15 saboda tunzura mutane da ya yi da lasifika su fita kisa. Baiwar iri ɗaya ce da taku, kunnen da yake jin daɗin amsa-amo ba ya tantance ko zuma aka zuba a ciki ko guba. Shi ya sa duk lokacin da na ji waƙar da take kiran wata ƙabila ko wani addini gaba ɗaya da sunan dabba ko ƙwaro sai gabana ya faɗi, ko da kuwa mai waƙar ɓangarensa aka zalunta. Magana zarar bunu ce. Ku kira azzalumi da aikinsa, ku faɗi abin da ya yi ba tsoro, amma kar ku haɗa da jaririn da aka haifa jiya a gidansu.

In kuna neman wanda za ku yi koyi da shi a nan ga Zuhairu bin Abi Sulma, sha'irin Larabawa na zamanin jahiliyya. Ƙabilun Abs da Zubyan sun yi wajen shekara 40 suna kashe juna a kan tseren dawaki biyu, Dahis da Gabra'u, shekara 40 fa, a kan doki. Da aka zo sulhu wasu dattawa biyu, Harim bin Sinan da Haris bin Auf, suka ɗauki biyan diyyar waɗanda aka kashe daga dukiyarsu alhali ba su zubar da jinin kowa ba. Zuhairu bai ɗauki babbar ƙasidarsa ya ba jaruman da suka fi kisa ba, waɗannan dattawan biyu ya yaba, sannan ya juya ya gaya wa mutanensa cewa yaƙi dai shi ne abin da kuka sani kuka ɗanɗana, in kun tayar da shi zai niƙe ku kamar dutsen niƙa. Yau ba wanda ya damu da wane doki ne ya riga isa, amma sunan masu sulhun nan yana bakin ɗalibai har gobe. A kowane rikici akwai irin su, wanda ya ɓoye maƙwabcinsa na wani addini a ɗakinsa, direban da ya koma ya kwaso mutane ana harbi, ungozomar da ta karɓi haihuwa a daji da hasken waya. Ina waƙarsu?

Wilfred Owen ma na Ingila abin da ya yi kenan ta wata fuskar. Lokacin da mawaƙan da ke zaune a gida suke zuga samari da cewa mutuwa a fagen daga abin alfahari ce, shi kuwa ya zauna cikin ramin soja a Faransa a yaƙin duniya na farko, daga baya ya rubuta yadda sojan da bai samu saka abin rufe fuska da wuri ba yake shaƙewa da iskar guba a gabansa. An kashe shi ran 4 ga Nuwamba 1918 yana da shekara 25, saura mako ɗaya cif a tsagaita wuta. Gani ya kori ji. Wanda bai je ba ya ji tsoron Allah wajen zuga 'ya'yan mutane.

Kuma kar wani ya ce wannan al'adar wasu ce. Nana Asma'u da aka haifa a 1793 tana yarinya ta ga hijira da yaƙi da yunwa da idonta, ta girma ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta yi marsiyya ga manya irin su Muhammadu Bello, amma ba ta tsaya nan ba, ta yi wa mata talakawa da ba su riƙe kowace sarauta ba, ta faɗi kirkinsu da yadda suke da mutane, sannan ta mayar da waƙa hanyar karantar da mata ta hannun malamai mata da ake kira jaji da ɗalibansu 'yan taru a lokacin da yaƙi ya ɗaiɗaita gidaje. Sa'adu Zungur ya yi wa sojojin da suka dawo daga yaƙin duniya na biyu waƙar maraba. A yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970 an yi waƙoƙi ta kowane ɓangare, kuma a shekarar farko Christopher Okigbo, ɗaya daga cikin manyan sha'iran Afirka, ya mutu a fagen daga kusa da Nsukka. Gadon yana nan. Abin da yake min ciwo shi ne ganin yadda fasaha mai yawa take tafiya a yabon masu mulki da waƙar zaɓe, mutum ya iya sarrafa harshe kamar me, a cikin dare ɗaya zai haɗa wa ɗan takara baiti 50, amma ƙauye guda ya tashi bai samu baiti biyar ba. Na san kuna da iyali, na san sitidiyo ba kyauta ba ce, ban ce ku daina neman halaliyarku ba. Cewa nake a cikin goma ku ware ɗaya wadda ba mai biyanku, kuma in kun yi ta kar ku bari wani mai kujera ya saye ta ya maƙala hotonsa a kai.

Allah da ya yi maganar mawaƙa a ƙarshen Suratul Shu'ara ya ce ɓatattu ne ke bin su, ai bai rufe ƙofa ba, ya ware waɗanda suka yi imani suka yi aiki nagari suka ambaci Allah da yawa kuma suka kare kansu bayan an zalunce su. Kuma ya tabbata a hadisi cewa a cikin waƙa akwai hikima. To wannan gurbin da aka ware dan Allah ku shige shi.

Yadda za a yi ba wani abu ne mai wahala ba, sai dai yana son ƙafa da kunne. Ku je inda mutanen suke, sansani ne ko asibiti ko gidan ɗan uwan da ya karɓe su, ku zauna ba kyamara a fuskarsu, ku yi shiru ku ji. In za ku sa sunan mamaci ku nemi izinin nasa, in sun ce a'a saboda tsoro ko kunya ku bar sunan ku ɗauki halin, kuma abin da mace ta faɗa muku a asirce game da abin da aka yi mata kar ya zama kayan neman mabiya a Facebook ko TikTok. In kun gama ku koma ku karanta musu su fara ji kafin duniya, in sun ce ba haka yake ba ku gyara, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku ɗauki murya, don da yawansu ba sa karatu amma suna da waya kuma suna da kunne. Sannan wanda ya fi komai a wurina, ku koya musu su yi tasu. Yarinyar da ta kwana a daji tana gudu tana da baitin da ba za ku taɓa iya ƙirƙira ba, awo da ƙafiya kawai za ku nuna mata, ragowar tana da shi.

Hadraawi na Somaliya ya sha ɗaurin shekara 5 a hannun shugaban ƙasar na lokacin Siyad Barre daga 1973 saboda waƙa, kuma a 2003, ƙasar tana hannun masu bindiga, ya bi garuruwa ɗaya bayan ɗaya yana kiran zaman lafiya, mutane suna fitowa tarbarsa. Refaat Alareer malamin jami'a ne a Gaza da ya shafe shekaru yana koya wa matasa rubuta labarinsu da kansu, aka kashe shi a harin sama ran 6 ga Disamba 2023, ya bar gajeriyar waƙa yana roƙon in ya mutu waɗanda suka rage su rayu su ba da labarinsa, kuma cikin 'yan kwanaki aka fassara ta zuwa harsuna masu yawa, ɗalibansa da suka tsira kuma suna ci gaba da rubutu. Ba wanda ya ba mutanen nan kwangila.

Abu na ƙarshe, ku adana. Waƙar da take cikin waya ɗaya tak in wayar ta faɗa ruwa ta tafi. Ku rubuta a takarda, ku sa kwanan wata da wurin da abin ya faru, ku ba mutum biyu ko uku kwafi, ƙungiyoyinku na marubuta da sassan harsuna na jami'o'i su buɗe ma'ajiya ta musamman don waƙoƙin wannan zamani, har da na waɗanda ba su yi suna ba, har da masu karyayyen awo. Kuma in an tashi taron karatun waƙa na gaba, ku ware kujerun gaba ga iyalan waɗanda aka rasa, ku aika musu kuɗin mota su zo.

Allah ya ƙara muku basira, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya mayar da waɗanda aka kora gidajensu lafiya.

Naku,
Wani mai karanta waƙoƙinku